Ta yaya za mu gane girman haɗarin da ke kan hanyar ƙauyenmu?

Sakataren ƙungiyar gari:
Assalamu alaikum. Ƙauyenmu yana yankin Jega a jihar Kebbi, kuma tun da aka zuba kwalta a hanyar da ta haɗa mu da babban titi, an samu sauƙin fitar da shinkafa da albasa, amma haɗurra sun yawaita fiye da lokacin da take ta jar ƙasa. A damanar bana babur ya kaɗe wata yarinya mai tallar gyaɗa daidai ƙofar makarantar firamare, ta samu karaya a cinya. Muna so mu kai kuka ƙaramar hukuma, sai dai dattawa sun ce kada mu je da baki kawai. Wace hujja za mu tara, kuma daga ina za mu fara?

Tsohon direba:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi shekaru ina ɗaukar lodi tsakanin Jega, Koko da Yawuri, kuma abin da na sani shi ne hanya ba ta nuna halinta da hantsi. Ku je ku tsaya a bakinta ranar kasuwa, daga la'asar sakaliya zuwa bayan magariba, lokacin da amalanken shanu ke dawowa daga fadama babu fitila ko ɗaya, 'yan kabu-kabu sun ɗauko mutum uku-uku, garken Fulani kuma yana tsallakawa inda burtali ya ratsa kwalta. Da kaka ku duba wuraren da ake shanya shinkafa a kan titi a tare ta da duwatsu, domin direba yakan kauce wa shanyar ya faɗa hannun mai zuwa. Kada ku manta da kwanar da ciyawa ta rufe, da kwalbatin da ruwa ya cinye gefensa.

Ma'aikaciyar lafiya:
Malam sakatare, Allah ya ba yarinyar lafiya. Idan kuka dogara da rajistar 'yan sanda ko ta Hukumar Kiyaye Haɗurra kaɗai, za ku ga kamar hanyar lafiya lau take, alhali yawancin abin da ke faruwa a ƙauye ba ya isa gare su. Wanda ya karye sau da yawa wajen masu ɗori a Aliero ake wucewa da shi, wanda ya rasu kuwa a yi masa sutura a ranar. Saboda haka ku buɗe littafinku na kanku. Ku zauna da mai gari, da limami, da masu ɗori, da shugaban masu babura, ku rubuta kowane haɗari na shekara uku da suka wuce: wurin, lokacin, abin hawan, da irin raunin. Ku sa lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, wato 122, a bangon makaranta.

Injiniyan hanya:
Maganar Baba direba da ta Hajiya duk suna kan hanya, ni gudu zan ƙara a kai, domin shi ne abin da kwalta ta kawo muku. Ku auna mita 100 a gaban makarantar, ku kafa alama a farko da ƙarshe, mutum ɗaya ya riƙe agogon waya. Motar da ta cinye tazarar a daƙiƙa 6 tana gudun kilomita 60 a awa, wadda ta yi a daƙiƙa 4 da rabi kuwa tana kan 80, alhali dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade 50 a cikin gari. Mai gudun 80 yana shafe kusan mita 22 a kowace daƙiƙa kafin ma ƙafarsa ta taɓa birki, kuma idan gudu ya ninka, nisan da mota ke buƙata ta tsaya bayan an taka birki ninkawa yake sau huɗu. Ku auna motoci da babura masu yawa a ranaku daban-daban, ku ɗauki hoton kowane wuri da littafin ya nuna haɗari ya maimaitu.

Sannan ku tabbatar da mai hanyar kafin ku rubuta takarda, domin hanyoyinmu kashi uku ne: na tarayya, na jiha, da na ƙaramar hukuma, kuma takardar da ta je ofishin da ba nasa ba kwanciya take yi. Ina roƙonku kada matasa su tara ƙasa su yi tudun rage gudu da kansu. Tudun da babu fenti babu allo yakan kayar da mai babur da dare.

Sakataren ƙungiyar gari:
Allah ya saka muku da alheri. Mun shawarta da uban ƙasa, ya amince a buɗe littafin a gidan mai gari, kuma malaman makarantar sun ce za su karɓi aikin auna gudu daga ranar kasuwa mai zuwa.