Me ya sa alkalan tarayya na yammacin Amurka suka fi yawa?

Salamu alaikum jama'a, don Allah me ya sa kotun daukaka kara ta yanki na 9 da ke San Francisco take da alkalai har 29, sauran ba su kai haka ba?

— Wa alaikumus salam dan uwa, ai yankin ne da fadi, jihohi 9 take dubawa har Alaska da Hawai, tun 1891 aka kafa ta lokacin mutane ba su da yawa, da jama'a ta karu shari'u suka yi yawa sai majalisa ta yi ta kara kujeru.

— Gaskiya ne malam, a 1978 kadai an kara mata kujeru 10 kuma shugaban kasa Jimmy Carter ne ya cike su majalisar dattawa ta amince. Abin da ke damuna wallahi shi ne alkali ba ya barin kujerarsa sai ya mutu, ko ya ajiye da kansa, ko majalisa ta tsige shi.