Wai ta yaya ƙasashe ke faɗa kuma suna ciniki da juna?

Ɗan Sabon Gari:
Salamu alaikum jama'a. Jiya wajen mai shayi wani ya ce wai Rasha da Ukraine suna ta yaƙi tun 2022 amma gas ɗin Rasha na bi ta bututun cikin Ukraine zuwa Turai, har Rasha na biyan su kuɗin hanya. Gaskiya ne ko labarin majalissa? In gaskiya ne, to mu nan Nijar mi ya sa anka yanke muna kuran, wato wutar lantarki, a 2023 bayan juyin mulki alhali ko harbi guda ba mu yi da Nijeriya ba?

Malam na Lise:
Wa alaikumus salam ƙanena, gaskiya ne sarai. Yarjejeniyar shekara 5 ce sunka sa ma hannu a 2019, kuma gas ɗin bai tsaya ba sai 1 ga Janairu 2025 da wa'adin ya cika Ukraine ta ƙi sabuntawa. Ita tana samun kuɗin hanya, Rasha na saida kayanta, su Slovakiya da Austriya na buƙatarshi, kowa hannunshi na bakin wani. Amurka ma da ke ba Ukraine makamai tana sayen yuraniyom da aka tace daga Rasha don tashoshin lantarkinta, a 2024 ta yi dokar hanawa amma ta bar ƙofa har ƙarshen 2027.

Hajiya mai yawur:
Malam ku dai kuna ta Turai, mu nan munka ga tasku. Da anka rufe iyakar Ɗan Isa da Jibiya kuran ya zan sai an ga dama, firigo biyu gare ni duk sun koma akwati, yawur ya yi tsami na zubar, ga esansin gurup ya hau, shinkafa da sukari kullum da sabon kuɗi. Amma kaya ba su daina shigowa ba hwa, 'yan kabu-kabu ta daji suka riƙa bi da dare, kuɗin ne kawai ya ninka bisa kan talaka. Kuma 'yan uwanmu na Jibiya su ma kuka sunka yi, kasuwarsu ta mutu, dabbobi ba su zuwa.

Bagobiri:
Hajiya Allah ya maida alheri. Ɗan Sabon Gari amsarka na nan: a 2023 wajen kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga Nijeriya take zuwa, tamu ta Maradi da Damagaram layin Katsina zuwa Gazawa ne, to makunnin na hannunsu, mu kuma ba mu riƙe da wani abin da in mun tsaida za su kwana cikin duhu. Dubi Amurka da Sin, waccan ta hana Sin manyan chip na kwamfuta a 2022, Sin ta taƙaita fitar da galiyom da jamaniyom, ma'adinan da ake amfani da su wajen ƙera chip, a 2023, ka ga ana iya ramawa. Da Benin ma hakanan, iyaka rufe amma ɗanyen man Agadem na bi ta bututu kusan kilomita 2000 zuwa tashar ruwan Seme ta Benin, don su ma suna cin kuɗin hanya.

Ɗan Sabon Gari:
Na gode manya. CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma da ta sa muna takunkumi, ta ɗage shi Fabrairu 2024, wuta ta dawo, amma layin nan dai shi ne har yanzu ko? Baraj ɗin Kandaji, madatsar ruwan da za ta ba mu wutar kanmu, fa ina anka kwana, tun ina firamare nike jin sunanshi.

Hajiya mai yawur:
Ni dai na sai panno biyu da batir, ɗana. Wa ya san mai gyaran firigo na sola nan cikin gari?