Neo4j yana raba mutum ɗaya gida uku saboda bambancin rubutun suna

Assalamu alaikum. Ni ɗan jarida ne a Kumasi, ina bibiyar kamfanonin da ke samun kwangilar gine-gine da mutanen da ke bayansu. Na zuba sunayen daraktoci da adireshi da kwangiloli cikin Neo4j, manhajar adana bayanai da nuna alaƙar da ke tsakaninsu, wadda ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta duniya, ICIJ, ta yi aiki da ita a binciken Panama Papers na 2016, ta hanyar umarnin LOAD CSV (mai shigo da bayanai daga fayil) da MERGE (mai neman abu, ya ƙirƙira shi idan babu).

Abin da ya tsayar da ni shi ne rubutun sunayenmu a takardun Gana. Mutum ɗaya sai ya fito Mohammed a nan, Muhammed a can, Mahamadu a wani wuri, kuma tunda MERGE daidaiton harafi da harafi yake nema, kowanne ya zama ƙulli dabam, wato mutum dabam a manhajar, har shortestPath, mai nemo hanya mafi gajarta tsakanin ƙulli biyu, ba ya nuna alaƙar da na riga na gani a takarda.

Na gwada toUpper da trim, manyan haruffa da tazara kawai suka gyara. Na koma ga apoc.text.levenshteinSimilarity, mai auna kamannin rubutun sunaye biyu, da mizanin 0.8, na haɗe masu kama da juna da apoc.refactor.mergeNodes, mai mayar da su ƙulli ɗaya, sai ya cuɗa Issah da Issaka masu sunan uba ɗaya, alhali mutane biyu ne. Wannan ya fi tayar mini da hankali, domin zargi zai iya hawa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Bayanan ba su da ranar haihuwa ko lambar Ghana Card (katin shaidar ɗan ƙasa), adireshin kuma akwatin gidan waya ne da kamfanoni da yawa ke tarayya a kai.

Don Allah, wace hanya zan bi in haɗa waɗannan sunaye yadda zan iya warware haɗin idan ya zamana ba mutum ɗaya ba ne? Na gode.