Yaya kuke jera zanen sigina idan layuka sun cika allo?

Mai haɗa sola, Kano:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa a kan wannan lamari. Ina aiki da ƙaramin sikof na USB, wato na'urar da ke zana siginar lantarki a allo, PicoScope mai tasha huɗu, wajen duba inbata da batir. Ɗaukar awon ba wuya. Wuyar tana bayan an ɗauka: layi huɗu su hau kan juna kamar taliya a tukunya, ka zuƙo waje guda ka rasa inda kake, ka turawa abokin aiki hoton ya ce maka wanne ne batir, shuɗin ko jan? Don Allah yaya kuke yi?

Rewaya, Kaduna:
Wa alaikumus salam Malam. Mu a gareji abu na farko shi ne lokaci ya zama ɗaya. Kowane layi na iya samun nasa ma'aunin bolt a tsaye, amma layin lokaci na kwance dole su yi tarayya a kansa, in ba haka ba kwatancen ya tashi a banza.

An kawo min wata mota da sai an daɗe ana murza ki kafin ta tashi, mai ita har ya canza sansa biyu. Na ɗora siginar karanshaf a sama, ta kamshaf a ƙasa, na ja kowacce na ba ta filinta. Faifan karanshaf ɗin irin mai haƙora 60 ne da aka cire 2, wato 58 da giɓi. Tunda zagaye digiri 360 ne, kowane haƙori digiri 6 ke nan. Na sa rular juyawa daga giɓin farko zuwa na uku, ta ba ni 0 zuwa 720, domin injin mai bugu huɗu sai karanshaf ya zaga sau biyu kamshaf ke zagawa sau ɗaya. Sai na ɗauko zanen lafiyayyar mota irinta da na adana tun tuni, na shimfiɗa shi a baya da launi mai haske. Nan take ido ya gani: gefen siginar kam ya ja baya da wajen haƙora biyu. Cen taimin ne ya saki. Sansan da aka cire lafiyarsu ƙalau.

Ka riƙa adana zanen abu mai lafiya, Malam. Duk inbatar da ka haɗa sabuwa, ɗauki siginarta ranar farko.

Mai kula da na'urorin asibiti:
Oga rewaya ya yi maganar lokaci, ni kuma ma'aunin tsaye zan taɓa, don shi ya fi damuna. A wajenmu takardar ECG, wato awon bugun zuciya, tana tafiya milimita 25 a sakan, kuma milimita 10 a tsaye milibolt 1 ne. Shi ya sa likita a ko'ina yake, da ya ga ƙaramin gida ɗaya na takardar, mai milimita 1, ya san sakan 0.04 ne. Har wani ɗan murabba'i na milibolt 1 na'urar ke bugawa a gefen takarda don a tabbatar ba a taɓa ma'aunin ba.

Manhajojin awo kuwa da yawa suna daidaita ma'auni da kansu don zane ya cika allo. Na taɓa ganin matashi ya firgita a kan wutar da ke shiga wata na'ura, zanen ya yi tudu da kwari har ya ce a kashe ta. Da muka duba lambobin gefe, duk tudun bai wuce milibolt 30 a kan bolt 12 ba. Manhajar ce ta buɗa shi. Tun daga nan duk zane biyu da zan kwatanta sai na kafe ma'auninsu da hannu, iri ɗaya, kuma sai na ga inda sifili yake kafin na ce komai.

Mai haɗa sola, Kano:
Hajiya wannan gaskiya ne. Amma ga wata: idan na ɗauki sakan 10 na zuƙo sosai, sai zanen ya koma layuka masu kusurwa, ba lanƙwasa. Inbatar ce ko sikof ɗin?

Malamin lantarki mai ritaya, Zariya:
Ɗana, ƙirga ɗigon da ka ɗauka. Idan ka ce wa manhaja ta ɗauki sakan 10 da samfuri, wato ɗigon awo, 10,000, tsakanin ɗigo da ɗigo milisakan 1 ne. Wutar gari 50 Hz ce, wato zagaye 50 a sakan, zagaye ɗaya milisakan 20, to ɗigo 20 kacal ka samu a kowane zagaye, manhaja ta haɗa su da miƙaƙƙen layi. Kusurwar daga nan take. Zuƙowa ba ta ƙara abin da ba a ɗauka ba. Wani tsalle na mikrosakan 50 zai wuce tsakanin ɗigo biyu ba ka ji ɗuriyarsa ba, alhali irinsa ne ke kashe MOSFET, wato taransistan da ke kunna wuta da kashe ta a cikin inbata.

A littafi an ce samfuri ya zarce ninki biyu na mitar da kake nema. Wannan don a gane mitar ne kawai. Idan siffa kake son gani, nemi ninki goma ko fiye. Ƙara yawan samfurin kafin ka danna ɗauka.

Amma kada ka manta akwai inbatar da da gaske matakala take fitarwa. Ita za ka ga ta tsaya cak a sifili na ɗan lokaci, ta haura, ta tsaya a sama, ta sauko. Wannan ko ɗigo miliyan ka ɗauka haka za ta fito.

Game da ɓacewa idan ka zuƙo: akwai ɗan tagar da ke nuna dukkan zanen da akwatin inda kake. Bar ta a buɗe. Ni akwatin nake ja, ba na murza linzami barkatai.

Ɗaliba mai aikin kammala karatu:
Baba mun gode. Ni manhajar PulseView nake amfani da ita da ƙaramin lojik analaiza, wato na'urar duba siginar dijital, mai tasha 8. Abin da ya sauƙaƙa min rayuwa ƙarami ne: canza sunan tasha. D0 da D1 na mayar da su SDA da SCL, sunayen wayoyin da nake aunawa, sauran shidan na ɓoye su. Allo ya yi fili.

Akwai ranar da wata na'urar GSM ke turo min shara a maimakon rubutu. Na zuƙo kan mafi ƙanƙantar bugu, na sa sandunan awo biyu a gefensa, suka ce wajen mikrosakan 8.7. Da bit 9600 a sakan ne gudun, da mikrosakan 104 zan gani. Ashe a 115200 take magana. Na gyara lambar a mai fassarar UART, sashen manhajar da ke mayar da siginar haruffa, sai ga haruffa sun jeru a ƙarƙashin siginar, kowanne daidai inda ya faɗo.

Rewaya, Kaduna:
Ƙanwata kin yi daidai. Sai dai in ƙara a kan maganata ta farko, kada a ɗauka kullum rabawa ake yi. Wayoyin CAN guda biyu, waɗanda kwamfutocin mota ke magana da juna ta cikinsu, ni a kan juna nake ɗora su da gangan, ma'auni ɗaya. Suna hutawa a bolt 2.5, ɗaya ya hau wajen 3.5 ɗayan ya sauka wajen 1.5. Idan lafiya, kowane motsin na sama za ka gan shi a juye a ƙasa. Ka raba su gida biyu, wannan daidaiton ya ɓace maka.

Mai gyaran gurup, Maraɗi:
Sannunku da aiki. Ni rubutu a kan zane ne abin da na riƙe da hannu biyu, domin mai gurup, wato janareta, ba ya karanta sigina, amma yana karanta rubutu.

Wani mai gidan ƙanƙara ya dage cewa gurup ɗinsa lafiya lau, firji ne ba su da kyau. Na ɗauki awo ina tsaye, yaronsa yana kunna kaya ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da ya kunna sai in sa alama a daidai lokacin in rubuta: fitilu, famfo, kwamfaresa ta farko, ta biyu. A wurin ta biyun na sa rula a kan zagaye goma, don awon zagaye ɗaya hannu na iya karkacewa. Maimakon milisakan 200 sai ga 213, wato mitar ta faɗo wajen 47 Hz. Injin da ya kamata ya riƙe juyi 1500 a minti ya durƙusa ƙarƙashin kaya. Da Alhaji ya ga kalmar "kwamfaresa ta biyu" zaune a kan inda layin ya lotsa, gardama ta ƙare.

Rubutun nan a wurin ake yinsa, hannu da baƙin mai. Wanda aka bari sai dare rabinsa zato ne. Kuma a rubuta ko tsinken awo yana kan x1 ko x10, don idan manhaja ba ta sani ba lambobin gefe duk ƙarya ne har ninki goma.

Malam na Kano, abu guda da ba zan yi shiru a kai ba: ƙasan sikof na USB, wato wayar as ɗinsa, a haɗe yake da laftof ɗinka. Kada ka maƙala shi kai tsaye a wutar 220. Nemi tsinken da aka yi don babbar wuta, mai auna bambancin waya biyu.

Mai kula da na'urorin asibiti:
Ƙari kaɗan a kan turawa. Hoton allo na wanda za a nuna wa ne, ba a iya zuƙo shi a sake awo. Ni biyu nake ajiyewa: hoton da ke ɗauke da lambobin gefe da alamomin, da ainihin fayil ɗin manhajar. Sunan fayil kuma kwanan wata, na'ura, da abin da aka auna.

Mai haɗa sola, Kano:
Allah ya saka da alheri. Baba na Zariya, na ɗaga samfurin zuwa miliyan 1, kusurwar ta tafi, amma yanzu idan ban zuƙo ba layin batir ya yi kauri sosai duk lokacin da inbata ta ɗauki kaya. Hayaniyar gaske ce ko yadda manhaja ke matse ɗigo da yawa a waje guda ne? Wanda ya taɓa auna wannan a batir mai bolt 48 ya faɗa mana nawa ya gani.