Zanen yadin Mata ni Pachedi: me ke kama baƙi da ja?

Ɗan Birni: Salamu alaikum. Masana rini, yadin ibadar nan na Gujarat a Indiya da ake kira Mata ni Pachedi, mai baƙi da ja a kan fari, da me suke zana shi har ba ya zuba? Dabarar nake so don zanen furanni. Za ta yiwu da kayan Damagaram?

Mai Rini Zango: Wa alaikumus salam. Masu yin sa a Ahmedabad, wani birni a Gujarat, allahiyarsu suke zanawa a tsakiyar yadin, su rataye shi ya zama wurin bautarsu. Baƙin ba fenti ba ne, tsatsa ce. A zuba tsohon ƙarfe kilo 2 da mazarƙwaila rabin kilo cikin ruwa lita 10, a rufe mako biyu zuwa uku ya yi tsami, a tace, a dafa da garin ƙwallon tsamiya har ya yi kauri kamar koko. Amma sai yadin ya sha abu mai bauri tukuna. Su ɗan itacen harda suke jiƙawa, mu bagaruwa ce tamu. Wanke sitatin akoko tas, tsoma a ruwan bagaruwa, shanya ya bushe sarai, sannan ka zana da tsinken gora. In layi ya fito toka-toka, ko dai ruwan ƙarfen bai nuna ba, ko bagaruwar ta yi kaɗan. In ya bazu, kaurin ne bai isa ba.

Hajiya Mai Lalle: Malam ya gama da baƙi. Ja kuwa ba a shafa shi. Alif ake shafawa, wanda ake sa wa ruwa ya kwanta, kamar giram 100 a lita, shi ma da garin ƙwallon tsamiya. A bari ya bushe, a ɗauraye, a dafa yadin da garin alizarin, wato wani sinadarin rini. Inda alif ya taɓa ne kaɗai ke yin ja. Kul ka dafa a tukunyar ƙarfe, jan zai koma ruwan ƙasa mai duhu.

Mai Rini Zango: Hajiya, ɗaurayar ce matsalarmu. Su mutanen Ahmedabad, kogin Sabarmati ke kwashe musu rarar alif. Mu babu ruwa mai gudu, sai babban baho, a baje yadin kada ya naɗe, a riƙa sauya ruwa. Ya naɗe, farin fili ya yi dabbare-dabbare. Bagaruwa kuma tana dusar da fari, saboda haka a tsarma ta, a fara gwadawa a ƙyalle.