Ta yaya ake auna ɓarnar da gine-gine da dam ke yi wa fadamar kogi?

Ɗalibar_Jogarafi:
Salam jama'a, dan Allah masana ku taimaka min. Furojet ɗina na ƙarshe kan fadamar kogi ne, wato filin da ruwa ke malala a kai in kogi ya cika, ana so in nuna yadda gidaje da tituna da noman rani suka taɓa lafiyar wurin. To ni abin da ya ɗaure min kai, mene ne ma lafiyar fadama? Na buɗe hoton satalayit na ga wurin kore shar, har ya fi da can, sai na ce to ai babu matsala kenan, malamina ya kalle ni ya yi dariya kawai ya ce in koma in sake tunani. Me zan auna?

Baban_Ruwa:
Wa alaikissalam ƙanwata. Malaminki ya yi gaskiya, kore yana yaudara sosai, ciyawar kachalla ma kore ce, kuma in ta mamaye fadama ba kifi ba kiwo ba hanyar kwalekwale. Abu na farko da za ki auna shi ne ruwan kansa: shin ambaliya na hawa fadamar har yanzu, hekta nawa take rufewa, wata nawa take kwanciya kafin ta janye. Don ran fadama yana cikin wannan hawa da saukar ne, ruwa ya hau kifi ya bi shi ya yi ƙwai cikin ciyawa, ya janye ya bar laka mai taki, ƙasa ta sha ta cika rijiyoyi. In an yi dam a sama ko an ja ganuwa a bakin kogi to an raba uwa da ɗa, ko da wurin ya ci gaba da yin kore da ruwan injin ban ruwa.

Ki nemi hotunan satalayit na Landsat, tun 1972 ake ɗauka kuma kyauta ne tun 2008, ki jera na wata ɗaya a shekaru daban-daban ki zana iyakar ruwa a kowanne. Amma dole ki haɗa da lissafin ruwan sama na waɗannan shekarun, in ba haka ba za ki ɗora wa dam laifin fari.

MaiKomaBiyu:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai amma na yi aikin ɗibar samfur da masu bincike. Satalayit ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin dutse fa. Mu raga muke kafawa a ruwa mu tattaka ƙasa da ƙafa, abin da ya taso ya shiga ragar sai a juye a farin faranti a ƙirga. In kin ga ƙwari iri-iri, 'ya'yan mazari, ƙananan dodon koɗi, masu rarrafe da masu iyo, ruwan na da rai. In kuwa jajayen tsutsotsin nan ne kawai cunkus a baƙar laka mai wari, to iskar oksijin ta yi ƙasa, galibi ruwan kwata ne ko taki ya yi yawa. Kuma in za ki gwada oksijin ki je da asuba, da rana gansakuka na cika ruwan da iska sai mita ta nuna miki lafiya lau alhali da dare kifi na shan wuya.

Injiniya_Sule:
Duk sun faɗi daidai, ni dai ƙarin da zan yi, awo ba shi da ma'ana sai da abin kwatance. Ko dai kafin da bayan aikin, ko wani sashen kogin da ba a taɓa ba. Duba kogin Kissimmee a jihar Fulorida ta Amurka, tsakanin 1962 da 1971 aka miƙar da shi, kogi mai lanƙwasa na kusan kilomita 166 ya koma kanal mai kilomita 90, agwagin ruwa masu zuwa da hunturu suka ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari, daga baya aka dawo ana cike kanal ɗin da kuɗi masu yawa. Haka fadamar Logone a arewacin Kamaru, dam ɗin Maga na 1979 ya tare ambaliya, kiwo da kamun kifi suka lalace, da aka sake sakin ruwa a 1994 ciyawa da kifi suka fara dawowa. Wannan sakin ruwan ne ma hujja mai ƙarfi, tunda abu ɗaya aka canza aka ga sakamako.

Ɗalibar_Jogarafi:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na koma kan hotunan, ashe koren da nake murna da shi layi-layi yake kamar an ja da rula, gonaki ne, tafkunan da ke hoton 1986 guda uku babu su. Malam MaiKomaBiyu, ragar nan wace iri ce, ta sauro za ta yi ko sai na sayi ta musamman?

MaiKomaBiyu:
Ta sauro za ta yi in kin ɗinka ta a jikin zoben ƙarfe, amma ki ninka ta biyu don dutse na yaga ta.