Karya Daban, Fasa Daban: Musayar Waƙa Kan Turanci da Polanci

Ɗalibar Warso:
Assalamu alaikum. Ga abin da ya same ni a makon jiya a nan Warso, babban birnin ƙasar Polan. Amsa-amon "ya" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Na ɗau kofin gilas tun da safiya,
Ya suɓuce mini, ya bar ni da kunya.
Tsohuwar da nake gidanta haya
Ta fito da sauri tana tambaya.
Na ce *złamałam*, nufina na karya,
Ta kama hannuna tana duba lafiya,
Ta zaci ƙashi ne, yatsa ko wuya.
Da ta ga ɓaraguzai, ta ɗauko tsintsiya,
Ta ce *stłukłam* ake cewa, 'yata, ki iya.
*Break* na bi, Malam, in faɗa maka gaskiya,
Shi na juya Polanci, ya ɓatar da ni hanya.

Malamin Turanci, Zariya:
Wa alaikis salam, 'yata. Sannu da ƙoƙari.

*Break* buhu ne babba, ya kwashe kaya,
Ƙafa da kofi da doka da igiya,
Har injin da ya tsaya ya ƙi tafiya.
Amma Bature bai bar shi shi ɗaya,
Yana da ƙanne suna bin sa a baya.

*Crack* tsagewa ce a jikin tukunya,
Ta yi zane, ba ta rabu ba, tana riƙe miya.
*Snap* ƙaras ne, kara ya karye tsakiya,
*Chip* ɗan ɓalli ne a bakin ƙwarya,
*Shatter* tarwatsewa ce gaba ɗaya.

*Smash* da ƙarfi ake yi, har da zafin zuciya,
*Crush* gwangwani ne a ƙarƙashin taya,
*Burst* fashewa daga ciki, iska ta rasa hanya.

Abin da ke damuna a aji ke nan. Yaro ya koyi *break* a firamare, ya riƙe shi har jami'a, sauran kuma ko oho.

Ɗalibar Warso:
Na gode, Malam. Daren jiya na zauna da ƙamus. Harafin ł kamar "w" ake furta shi.

*Łamać* na sanda ne, da ƙashi, da reshen bishiya,
Ba wani abu ba ne, karyawarmu ce ta gargajiya.
*Łamać prawo* karya doka, maganarmu ɗaya.
*Stłuc* da *rozbić* na gilas da ƙwai da tukunya,
Fasawa ke nan, ko yaro a gida ya iya.
*Pęknąć* ya haɗa tsagewar bango da fashewar taya,
*Zgnieść* murƙushewa, kamar ka matse takarda ka juya,
*Zepsuć się* lalacewa, ta agogo ko waya.

Wanda ya fi taɓa ni ga shi nan, Malam, saurara da lafiya:
*Połamać* kakkaryawa ce, ba karya guda ɗaya,
*Potłuc* farfasawa, kwanuka sun zube gaba ɗaya.
Su *po* suke sawa a gaba, mu mu ninka gaɓa mu ƙara murya.
Da daga Hausa na miƙe, ban ratsa Ingila a tafiya,
Da ban ce na karya kofi ba, ko jiya ko shekaranjiya.

A Jami'ar Warso ana koyar da Hausa shekaru da yawa. Na tambayi wata ɗalibarsu, ta ce karya da fasa ba su taɓa rikita ta ba.

Tsohon Direba, Maraɗi:
Ni ban yi boko ba, jikana ke rubuta mini. Yarinya, inda nake da tabo zan tambaye ki.

Shekara talatin ina riƙe da sitiyari a hanya,
Dare ɗaya ne ya ƙi barin zuciya.
Fitila na hango guda, na ce babur ne ke tafiya,
Ashe babbar mota ce mai ido ɗaya.
Na taka birki, na ja dama, ban iya kauce wa tsiya,
Yaron motata na gefena, bai kai safiya.
Taho-mu-gama muke ce masa, sunan ba ƙarya,
Su can me suke kiransa? Ku ba ni amsar tambaya.

Malamin Turanci, Zariya:
Allah ya jiƙansa, Baba, ya ba ka haƙuri.

*Head-on collision*, kai da kai, ba kariya.
*Collide* karon abu biyu ne suna tafiya,
*Crash* ya ɗauko ƙarar ƙarfe da murya,
*Bump* ɗan gugar da ake tashi lafiya.

Ɗalibar Warso:
Amin. Baba, na karanta baitinka sau uku kafin na iya amsawa.

*Zderzenie czołowe* suke cewa, Baba, ga fassara ɗaya:
*Czoło* goshi ne, goshi da goshi a tsakar hanya.
*Zderzyć się* yin karo, daga nan suka shirya
*Zderzak*, bambar mota ta gaba da baya.
*Stłuczka* ƙaramin karo ne, kowa ya fito lafiya,
Daga *stłuc* ta fito, fitila ce ta fashe, ba wuya.
Naka *wypadek* ne, haɗari mai barin maraya.

Mai Shayi, Kumasi:
Ku bar ni in sa baki da ɗan abin da na iya.

Bature da *breakfast*, azumin dare ya karya,
Mu ma kumallo muke karyawa da safiya.
Ƙanwata, can Polan me suke karyawa kafin tafiya?

Ɗalibar Warso:
Yaya, *śniadanie* ne karin safe, babu karya a cikin kalmar. Amma akwai wata karyawa da na gani da idona ran 24 ga Disamba, daren jajiberin Kirsimeti.

Tsohuwar ta kira ni teburi, da 'ya'yanta gaba ɗaya,
Ta ɗauko *opłatek*, farin waina siriri kamar takardar saya.
Kowa ya riƙe nasa, ya je gun ɗan'uwa ya tsaya,
Ya gutsuri na wancan, a yi wa juna fatan lafiya.
*Łamać się opłatkiem* suke cewa, kalmar dai ta karya.
Ta zo gabana, idonta da ƙwalla, ta sassauta murya,
Ta ce Allah ya mai da ke gun mahaifiyarki lafiya.